Larabar Firmin Mai Burodi

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu, a gangaren Ménilmontant da ke gabashin Paris, ya san gidan burodin Firmin Rouzet, ko da bai san fuskar Firmin ɗin ba. Ba kuwa laifinsa ba ne in bai san ta ba, domin fuska ce da ba ta cika fitowa sarari ba. Tanderun yana ƙarƙashin ƙasa, kanti yana sama, kuma tun da aka ɗaura musu aure shi da matarsa Solange suka raba ginin biyu. Shi yana ƙasa yana kwaɓi da gashi, ita tana sama tana sayarwa, tana sauraron labarin haihuwa da mutuwa da ciwon gwiwar kowa. In tana son magana da shi, sai ta ƙwanƙwasa bututun ruwan da ya ratsa ta bayan teburinta da gindin wuƙa, shi kuma ya zo gindin matakala ya ɗaga kai. A haka suka yi shawarar sunan 'yarsu, a haka suka yi yawancin faɗansu, a haka kuma suka shirya.

Ni na koyar da tarihi a sakandaren da ke bayan layinsu har na yi ritaya, kuma 'yarsu tilo, wadda yanzu take aure a Kanada, ta zauna a ajina. Burodinsu nake ci tun ina da baƙin gashi. Abin da zan faɗa a nan daga bakinsu na ji shi, ban ƙara masa gishiri ba.

Firmin ɗan ƙauye ne, daga duwatsun Aveyron. Yana saurayi ɗanye aka turo shi birni ya koyi sana'a a hannun tsoho Aristide, mahaifin Solange. Mutum ne gajeren wuya, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar faranti, magana kuwa sai ta zama dole. Da Aristide ya ga yaron ba ya ƙarya, ba ya kuma barin burodi ya ƙone, sai ya ba shi 'yarsa. Da ya zo mutuwa kuma ya bar masa tanderu, ya damƙa masa Dattijo.

Dattijo ba mutum ba ne. Wani ɗan kullu ne mai tsami, mai rai, da ke zaune a cikin kwalba mai faɗin baki, wanda ake ɗiba a tayar da kwaɓin kowace rana, a rage saura, kamar yadda mai kindirmo take ajiye iri. Aristide ya ce daga hannun ubansa ya karɓe shi, shi ya sa ake girmama shi da wannan suna. Ƙa'idarsa ita ce a ba shi fulawa da ruwa da safe, da rana, da kuma yamma, a juya shi da cokalin katako, a ɗora murfi ba tare da an matse ba. Masu burodin zamani sukan jefa nasu a firji su tafi harkarsu kwana da kwanaki. Na taɓa gaya wa Firmin haka, don na karanta. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

“Malam,” in ji shi, “firji wurin nama ne. Naman ma matacce.”

Kamar yawancin masu burodi da mahauta da masu aski na birnin nan, ranar Litinin ce hutunsu. Fadar sarakunan da ke Versailles kuma ranar Litinin ce take rufe ƙofofinta. Wannan ƙaramin karo na kwanaki shi ne ya tsaya wa Solange a rai tsawon aurenta. Tun suna neman aure Firmin ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga Zauren Madubai da ke cikin fadar, kuma ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Kowace bazara, wata Litinin, bayan Dattijo ya karya kumallo, sukan hau jirgin ƙasa su je. Lambun fadar a buɗe yake kullum, don haka sai su zaga cikin itatuwa, su ci abin da suka ƙunso a bakin tafki, Solange ta je ta kafa goshi a gilashin taga tana leƙe. Kafin rana ta karkata Firmin ya fara duba agogo, su juyo. Ta taɓa ce mini babu wanda ya kai ta sanin bayan labulen fadar nan a duk faɗin Faransa.

Mai karatu zai ce, to, hutun shekara fa? Akwai shi, wata guda cur. Amma a yammacin da suka rufe kanti, a yammacin suke kama hanyar Aveyron don a taya 'yan'uwan Firmin yankan ciyawa, Dattijo yana kan cinyarsa a naɗe cikin tawul. Ba sa dawowa sai ana gobe buɗewa.

Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara arba'in, har wata safiya a farkon watan Yuni. Ina tsaye a kantin ina jiran a naɗe mini burodina, babu kowa sai ni, sai na ga Solange ta ajiye takarda, ta ɗauki wuƙa ta ƙwanƙwasa bututu. Firmin ya bayyana a gindin matakala, garin fulawa har gira.

“Mene ne? Akwai burodi a wuta.”

“Bari ya jira. Firmin, ka san shekaruna nawa bana?”

“In na faɗa ki ce na ƙara, in na yi shiru ki ce na manta.”

“Bana na kai shekarun da inna ta rasu.” Ta faɗi haka ne ba da kuka ba, kamar mai faɗin farashin kek. “A wannan teburin ta tsaya duk rayuwarta. Kullum baba yana ce mata baɗi zai kai ta fada. Baɗin nan har yau ba ta zo ba. Ni ranar Laraba mai zuwa zan je. Da safe in hau jirgin ruwan nan na baƙi in ga Paris kamar kowa, da rana in shiga fada ta ƙofa, ba ta taga ba.”

“Laraba? Laraba ai ranar aiki ce, tsohuwa.”

“Ita ma fadar ta san haka, shi ya sa take buɗewa.”

“To unguwa ta ci me?”

“Ta ci shinkafa! Kwana ɗaya ba ya kashe kowa. Ka saurare ni da kyau, ɗan dutse. Ba rabin yini nake so ba, ba kuma na son ganin kana duba agogo. Yini guda nake so, daga safe har faɗuwar rana, ni da kai. In ba za ka iya ba, ka faɗa, in tafi ni kaɗai. Amma in na koyi shiga wuri ni kaɗai a wannan shekarun, kada ka yi mamakin inda zan ƙara shiga.”

Firmin ya juyo gare ni. Ya dube ni kamar mai neman agaji, ni kuwa na shiga nazarin rufin ɗaki, domin tsakanin harshe da haƙori mai hankali ba ya sa yatsa. Can ya ce, “Burodi zai ƙone,” ya koma. Amma ranar Talata da yamma aka ga ɗan kwali a jikin ƙofa, da rubutun hannunsa mai kama da tafiyar kaza, cewa gobe babu burodi. Unguwa ta ɗauka. Wata tsohuwa da ke saman benenmu ta tare ni a matakala tana tambaya, “Malam, wa ya mutu a gidan Rouzet?” Da na ce babu, yawon buɗe ido za su, sai ta ce, “Wayyo, to ciwo ne. Likita ya gaya musu wani abu.”

Ranar Laraba na gan su daga tagata sun fito. Solange ta sa rigarta shuɗiya mai ɗigon fari, ta gyara gashi. Firmin ya sa kwat ɗin da ya ɗinka don bikin 'yarsa, wanda tuni ya daina rufuwa a ciki, yana tafiya a cikinsa kamar an ɗaure shi za a kai kotu. A hannunsa akwai kwandon guzuri: gasasshiyar kaza, cukun garinsu, ruwan inabi kaɗan, da burodin jiya. Na lura yana riƙe da kwandon a miƙe ƙwarai, kamar mai ɗauke da ƙwai, amma ban kawo komai a raina ba.

Safiyar ta yi musu kyau. Suka hau jirgin ruwan a kusa da wata gada, suka sami wuri a sama, a tsakiyar baƙi daga kowace kusurwa ta duniya. Firmin ya shekara kusan hamsin a Paris, amma Paris ɗin da ya sani ita ce ta asuba, ta masu shara da motocin madara. Bai taɓa ganin kogin Seine da hantsi ba. Solange ta ce da suka zo daidai Hasumiyar Eiffel ya cire hula don ya ɗaga kai da kyau, ya daɗe yana kallo.

“To, me ka gani?” ta tambaye shi.

“Ƙarfe ne dai. Amma wanda ya ɗaure shi ya san aikinsa.”

“Shi ke nan abin da za ka ce? Mutane daga Japan suke zuwa su gan ta.”

“Su ma ai ba su ce komai ba, hoto kawai suke ɗauka. Ke dubi wancan abin da yaran can suke ci. Wannan burodi ne ko soso?”

“Firmin, ka bar bakin mutane, ka dubi gari!”

Ya kuwa dubi gari. Ya ga gadoji suna wucewa ta saman kansa ɗaya bayan ɗaya, ya ga masu zane a bakin ruwa, ya ga wasu tsofaffi suna rawa a kan dakali da rana tsaka, ya tambayi Solange ko su waɗannan ba su da aikin yi ne. Ta ce suna da shi, shi ne suke yi. Har ya yi dariya, har ya bari wata Ba'amurkiya ta ɗauke su hoto. Solange ta ce a ranta, ashe dutse ma yana narkewa.

Da rana ta kusa tsaka sai ya fara motsi a kujera. Bai duba agogo ba, don ya yi alkawari, amma cikinsa agogo ne. Ya miƙe ya ce zai zaga. Ta ce to. Sai ta ga ya sunkuya ya ɗauki kwando.

“Da kaza za ka zaga?”

“Kada a sace.”

“Ina zaune a kai za a sace?”

Ya sauka da kwandonsa. Ta ba shi ɗan lokaci, sannan ta bi bayansa. A can ƙarshen jirgin ta same shi, bayan wani tarin rigunan ceto, ya durƙusa cikin kwat ɗinsa na biki. Ya baje tawul a ƙasa, ya buɗe kwalba, ya zuba fulawa daga wata 'yar jaka, yana juyawa da cokalin katako a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri.

“Ka zo da shi,” in ji ta.

Firmin ya ɗago, cokali a hannu. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, don haka duk abin da ya zo bakinsa shi ya fito. “Shi ma ai bai taɓa ganin Paris ba.”

“Na ce ni da kai.”

“Ai ba ya magana, Solange. Ba ya cin kaza. Tikiti ma ba a karɓar masa. In na bar shi tun safe har dare ba ci, gobe me zan tayar da kwaɓi da shi? Na rufe kanti, na sa wannan buhun da kike kira kwat, ban duba agogo ba. Me kuma ya rage?”

Ta juya ta koma kujerarta. Duk wanda ya san Solange ya san faɗanta ruwan bazara ne, ya zubo da ƙarfi ya wuce. Shirunta ne abin tsoro. A cikin wannan shirun suka sauka daga jirgin ruwa, a cikinsa suka ci kazarsu a kan wani benci, a cikinsa suka hau jirgin ƙasa zuwa Versailles. Firmin ya yi ta jefa 'yan maganganu, cewa alkamar bana za ta yi kyau, cewa takalminta ya dace da rigar. Kamar yana jefa tsakuwa a rijiya marar ruwa.

A ƙofar fada layi ya miƙe har tsakiyar fili, rana kuma tana dukan duwatsun daɓe. Suka bi layi har suka kai wurin da ake duba jakunkuna. Mai dubawar, wani dogo mai ladabi, ya ɗaga tawul, ya ga sauran kaza, ya ga kwalba, ya ga abin da ke cikinta yana kumfa yana fashewa.

“Mushe, wannan fa?” in ji shi, wato Malam a bakin Faransawa.

“Iri ne. Na burodi.”

“Ba a shiga da abinci. Ga ɗakin ajiya can, ka bar kwandon gaba ɗaya, in ka fito ka karɓa.”

“Ai ba abinci ba ne tukuna. Sai gobe zai zama abinci.”

“To gobe ma ba za a shiga da shi ba. Don Allah ka matsa, Mushe, akwai mutane a bayanka.”

Suka koma gefe. Ɗakin ajiyar yana nan kusa, wata mata mai tabarau tana karɓar laima da kekunan jarirai da jakunkunan goyo, tana jera su a kan kantoci, tana miƙa wa kowa 'yar lamba. Firmin ya leƙa. Ya ga yadda ake cusa kaya kan kaya, ya ji zafin ɗakin, ya ga wata ƙatuwar jaka ta faɗo kan wata. Tun ranar da Aristide ya damƙa masa kwalbar nan, ba ta taɓa kwana ko yini a hannun wani ba. Ya ƙanƙame kwando.

“Solange,” ya ce a hankali, “ki shiga. Ni zan zauna a inuwar can in jira ki. Ki kalli komai da kyau, in kin fito ki ba ni labari. Ai duk ɗaya ne.”

Sai a lokacin ta yi magana. “Haka baba yake cewa, duk ɗaya ne.” Ta zare tikiti ɗaya ta sa masa a aljihun kwat, ta gyara masa kwala kamar yadda ta saba, ta juya ta bi jama'a.

Firmin ya tsaya yana kallonta ta ƙofar da ke buɗe. Akwai matakala a ciki, ta fara hawa, hannunta a kan ƙarfe saboda gwiwa. Ya gaya mini cewa duk rayuwarsa daga gindin matakala yake ganin matarsa, don haka wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne, a kullum fuskarta yake gani tana leƙo shi. Ran nan bayanta ya gani, kuma ba ta waiwayo ba.

Ya isa gaban matar ɗakin ajiya kamar an turo shi. Ya ɗora kwandon a kan tebur, amma bai sake shi ba.

“Madam, ki saurare ni. Akwai kwalba a ciki. Kada a kwantar da ita. Kada a matse murfin, numfashi yake yi. Kada a sa shi kusa da taga, kada kuma a ɗora masa komai. In kin ga ya taso, kada ki tsorata, halinsa ne.”

Matar ta dube shi ta saman tabarau. “Baba, dabba ce? Ba ma karɓar dabbobi.”

“Ba dabba ba ce. Ya girme ki, ya girme ni.”

“To in ya girme mu ai ya san yadda ake zaman jira. Kawo.” Ta ja kwandon, shi ma ya ja. Ta ce, “Baba, ko ka saki, ko ka tafi da abinka. Ni ba na kokawa da tsofaffi.” Ya saki. Ta ɗora shi a can saman kantar ajiya shi kaɗai, ta miƙa masa lamba, ta ce, “Ga shi can kamar sarki. Je ka, kafin Madam ta sami wani.”

Ya hau matakalar da saurin da bai san yana da shi ba. Ya ratsa ɗaki bayan ɗaki, yana ba da haƙuri, yana tura kafaɗa tsakanin baƙi da masu yi musu bayani, bai ga zanen rufi ba, bai ga gadon sarki ba, shuɗiyar riga mai ɗigon fari kawai yake nema. Sai ya tsinci kansa a wani dogon zaure mai haske, tagogi a hannu ɗaya, madubai a ɗaya hannun, fitilun lu'ulu'u suna reto daga sama. Mutane sun cika shi maƙil, kowa ya ɗaga waya. A gefe guda, gaban wani madubi, ga Solange tsaye ita kaɗai, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Ba sama take kallo ba, ba kuma tagogin ba. Kanta take kallo.

Ya zo ya tsaya kusa da ita. A cikin madubin ta gan shi, ba ta juyo ba. Ta dubi hannuwansa, ta ga babu komai a cikinsu.

“Ina Dattijo?”

“Yana wurin wata mata. Ba ta da ladabi, amma ta sa shi a sama.”

Suka tsaya suna kallon tsofaffi biyun da ke cikin gilashi, gilashin da ya yi duhu-duhu don tsufa. Tun hoton aurensu ba su ƙara ganin kansu a jere ba daga kai har ƙafa. Firmin ya karkata kai, ya ƙara matsowa, ya auna kafaɗarsa da tata.

“Solange, ashe ke gajeriya ce?”

“Yau ka sani?”

“Wallahi kullum daga ƙasa nake ganinki. Na ɗauka kin fi ni tsawo.”

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda take zuwa da hawaye, har wani mai gadi ya waiwayo. Ta ciro hankici ta share ido, sannan ta lashi yatsa ta goge masa garin da ya maƙale a gira tun safe. “Dube ka,” in ji ta. “A gidan sarki, da fulawa a fuska. Inna da ta ga wannan wurin da ta ce, wa yake goge duk madubin nan?”

“Ni ma abin da nake tunani ke nan.”

“Na sani. Shi ya sa baba ya zaɓe ka.”

Daga nan ta saƙala hannunta a nasa, suka koma farko, domin ta ce duk ɗakunan da ta wuce ita kaɗai ba ta gan su ba. Suka bi su a hankali. Firmin ya ce gadon sarki ya yi tsawo daga ƙasa, mutum zai iya karya ƙugu in ya faɗo. Ya tambayi wani mai bayani inda ake gasa wa mutanen gidan burodi, aka ce ba ya cikin wuraren da ake nunawa, ya ce to an ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Solange ta tsaya a wata taga ta leƙa lambu daga sama, ta taɓa gefen labule da ɗan yatsa a ɓoye, ta ce gabansa ya fi bayansa kyau nesa ba kusa ba. Ba su fito ba sai da aka fara korar mutane.

Matar ɗakin ajiya ta sauko da kwandon da hannu biyu. “Baba, karɓi tsohonka. Tun ɗazu yake ɗaga hula yana gaishe ni.” Firmin ya leƙa, ya ga zafin ɗakin ya sa Dattijo ya cinye abincin rana da wuri, ya taso har wuyan kwalba. Lokacin cin yamma ya yi. Ya ce a ransa, da zarar sun zauna a jirgi zai rage shi, ya ba shi fulawa, komai ya daidaita.

Jirgin ya cika da masu komawa birni, amma suka sami kujera biyu a jere. Kwandon bai sami wuri a cinya ba saboda ƙunci, sai Firmin ya ajiye shi a ƙasa, ɗan nesa da ƙafarsa, inda ba za a taka ba. Kafin ya gama gyara zama, Solange ta cire takalmi ɗaya, ta rungume hannunsa na dama, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Jirgi bai bar tasha ba ta rufe ido.

Ranar yamma tana shigowa ta taga, tana sauka daidai kan kwandon. Firmin yana gani tawul ya fara tasowa. Ya miƙa hannun hagu, bai kai ba. Ya gwada jawo kwandon da ƙafa, kafaɗarsa ta motsa, Solange ta yi ɗan gunaguni, ya tsaya cak. Murfi ya ture tawul ya zame gefe. Kullu ya leƙo, ya tsaya a bakin kwalba kamar mai shawara, sannan ya gangaro. Ya bi ta kan ƙasusuwan kaza, ya sami ƙofa a saƙar kwandon, ya fara ɗiga a daɓen jirgi. Warin tsami ya tashi. Wani mutum mai jarida da ke gabansu ya janye takalminsa, ya ce, “Mushe, kayanka suna gudu.”

Firmin ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna masa kan da ke kafaɗarsa.

Haka ya zauna yana kallon abin da ya gada daga Aristide yana malala tasha bayan tasha, har abin ya gaji ya lafa, ya koma gindin kwalba. Tashar da za su sauka ta zo, ƙofofi suka buɗe, suka rufe, bai motsa ba. Sai da suka yi nisa cikin wata unguwa da bai taɓa jin sunanta ba sannan Solange ta ɗago kai. Ya goge daɓen jirgin da tawul, suka tsallaka ɗaya gefen, suka jira mai komawa.

Don kada in bar mai karatu cikin zulumi, Dattijo bai mutu ba. Ɗan abin da ya rage a gindin kwalba ya farfaɗo bayan an yi jinyarsa. Amma burodin Alhamis, wanda na saya na kuma ci, ya fito a kwance, mai nauyi, da tsami kamar an jiƙa shi da tsamiya. Shi ne mafi munin burodin da ya taɓa fitowa daga wannan tanderu, kuma Firmin da kansa ya hau sama ya tsaya kusa da matarsa yana miƙa wa mutane, yana karɓar ƙorafi da fuska a sake.

Bayan kwana biyu na same shi a bakin ƙofar baya yana shan iska, na tambaye shi dalilin da bai tashe ta ba, tun da taɓawa ɗaya ta isa. Ya daɗe yana murza gari daga yatsunsa.

“Malam, ni ina tashi aiki tana barci cikin duhu, in na kwanta da rana tana kanti. Ban taɓa ganin barcinta da haske ba. Ashe baki a buɗe take yi, kamar 'yar tsuntsuwa.” Ya waiwaya ya dubi ƙofa. “Kada ka gaya mata.”

Ban gaya mata ba. Ita ce da kanta, wata safiya tana naɗe mini burodi, ta sunkuyo ta rage murya.

“Malam, ya ba ka labarin jirgi, ko? Ya ce barci nake?”

Na ce haka ya ce.

“Da farko barci ne, ban musa ba. Amma ni 'yar mai burodi ce. Tun murfin bai faɗi ba warin ya tashe ni.” Ta miƙo mini burodin, ta kama shafa tebur. “Na dai rufe idona ne in ga tasha nawa zai iya.”